Gardamar Madugu Na Biyu A Ƙwallon Amurka: Safaya Aka Saya Ko Magaji?

Kowace shekara, daga kamawar watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, akwai wata gardama da ke tashi tsakanin magoya bayan kulob-kulob na ƙwallon Amurka, kuma ba ta tsufa. Cikin waɗannan watanni ne ake cinikin 'yan wasa, cikinsu ne kuma kulob ɗin da kowa ya san yana da gwani a matsayi mafi girma a fili zai tashi ya ɗauko wani mutum na biyu a wannan matsayin. Nan da nan sai gari ya ɗauka, a gidajen rediyo da wuraren aski da teburin cin abinci, ana tambayar juna amfanin sayen mutumin da aka san benci zai zauna. Waɗansu su ce hangen nesa ne, waɗansu su ce ɓarnar dukiya ce, waɗansu kuwa su rantse akwai lauje cikin naɗi.

Babu garin da ya sha wannan gardama kamar Filadelfiya, mazaunin kulob ɗin Eagles. Sau biyu, watau cikin 2017 da kuma 2020, shugabannin kulob ɗin suka ɗauko mutum na biyu alhali suna da gwaninsu, kuma mutanen biyu kowannensu ya kawo wa garin kofi daga baya. Amma wanda ya bi labarin a tsanake zai ga cinikin biyu ba iri ɗaya ba ne, zai kuma ga cewa amsar tambayar magoya baya tana cikin farashin da aka biya, ko da bakin shugabanni ya faɗi wani abu dabam.

Wane Ne Madugu?

Ko da yake Amurkawa na kiran wasan nan ƙwallon ƙafa, bai yi kama da wanda aka saba gani a filayen Legas ko Kano ba. Ƙwallonsu mai tsawo ne kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarsa a ruga ko a jefa. Kowane gefe mutum 11 ne. Gefen da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba da yadi 10, in ya yi a sake ba shi waɗansu 4, in ya kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki 6. 'Yan Nijeriya ma sun sa hannu a wasan, domin Christian Okoye, haifaffen Inugu, shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a kakar 1989, sa'an nan Moro Ojomo, haifaffen Legas, yana cikin 'yan Eagles da suka ɗauki kofi a watan Fabrairu na 2025.

A kowace dama mutum ɗaya ne ake fara miƙa wa ƙwallo, shi ne suke kira kwatabak. Shi ke karɓar umarnin koci ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, shi ke gaya wa sauran 10 inda kowa zai nufa, shi ke duban yadda abokan karawa suka ja daga ya canja shiri in akwai bukata, kana cikin 'yan daƙiƙoƙi ya yanke shawarar wanda zai jefa wa. Babu sunan da ya dace da shi a Hausa kamar madugu, uban tafiya, wanda in ya ɓata ayari duka ya ɓata.

Madugu ɗaya kurum ake sawa a fili. Sauran wurare ana yin karɓa-karɓa, wannan ya huta wancan ya shiga, amma madugu na biyu yana iya cinye kaka guda yana tsaye a gefe da takarda a hannu. Ya yi kama da mai tsaron gida na biyu a ƙwallon da aka sani, sai dai akwai bambanci babba: ba a biyan kowa albashi don ya kā da mai tsaron gida, alhali a nan akwai ƙarti masu nauyin kilo 120 da ɗoriya waɗanda aikinsu ke nan, su tarar da madugu kafin ya jefa su maka shi da ƙasa. Har ila yau, babbar gasar ƙasar, wadda ake kira NFL, kulob 32 ne, kuma wasa 17 kaɗai kowane kulob ke yi a kaka tun daga 2021, kafin nan 16 ne. Saboda haka madugun da ya kwanta wata guda ya tafi da kusan rubu'in kakar.

Hujjar Masu Cewa Hangen Nesa Ne

Masu goyon bayan irin wannan ciniki ba su da hujjar da ta wuce jikin ɗan Adam. A kakar 2022, haka kuma a ta 2023, mutum fiye da 60 ne suka fara wasa a matsayin madugu, alhali kujerun 32 ne. Watau kulob ɗin da ya gama kaka da madugu ɗaya ya yi sa'a ƙwarai.

Misalan abin da ke faruwa ga wanda bai yi shiri ba suna da yawa. Kulob ɗin Colts ya ci wasa 10 a 2010 da Peyton Manning, amma da aka yi masa aiki a wuya ya rasa kakar 2011, wasa 2 kurum suka ci cikin 16. Kulob ɗin Jets ya ɗauko Aaron Rodgers a 2023 da niyyar cin kofi, sai agararsa ta tsinke a dama ta 4 ta wasansa na farko, kulob ɗin ya ƙare da cin wasa 7 da faɗuwa 10. Mafi muni shi ne abin da ya sami kulob ɗin San Faransisko ran 29 ga Janairu 2023, a wasan da zai kai mutum ga na ƙarshe, a can Filadelfiya. Madugunsu na ɗaya da na biyu sun riga sun karye tun cikin kaka. Na uku, Brock Purdy, ya ji rauni a gwiwar hannu tun farkon wasan, na huɗu kuma ya bugu a ka aka fid da shi, tilas Purdy ya komo fili da hannun da ba ya iya jifa. Aka cinye su 31 da 7. Abin ya kai ga masu kulob-kulob suka sake doka a watan Mayu na shekarar, aka yarda kowane kulob ya ajiye madugu na uku na ko-ta-kwana.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda tanadi ya cece su. Kulob ɗin Dolphins na Mayami ya karɓi Earl Morrall, ɗan shekara 37, a kan dala 100 kacal cikin 1972. Da gwaninsu Bob Griese ya karye a wasa na 5, Morrall ne ya riƙe ayarin har Griese ya warke, suka gama kakar da cin wasa 17 ba faɗuwa ko ɗaya. Tom Brady kansa, wanda ya ci kofi 7, zaɓi na 199 ne a shekarar 2000, kuma benci yake zaune har ranar da Drew Bledsoe ya ji rauni cikin Satumba na 2001. Masu wannan ra'ayi sukan ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma direban da ya kama hanyar Legas zuwa Sakkwato ba safaya ba a ce da shi mai tattali.

Cinikin 2017

A shekarar 2016 Eagles suka ba da zaɓuɓɓuka masu yawa don su hau layi su ɗauki Carson Wentz a matsayin zaɓi na 2 a ƙasar duka. Ga yadda wannan zaɓe yake: kowane Afrilu kulob-kulob kan yi layi su ɗebi samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye 7, kuma wanda ya fi shan kashi bara shi ke fara zaɓa. Zaɓin zagayen farko da na biyu dukiya ce mai tsada, domin a nan ake sa ran samun wanda zai shiga fili nan take.

A watan Maris na 2017 sai kulob ɗin ya komo da Nick Foles a kan dala miliyan 11 na shekara 2. Foles tsohon ɗan gida ne, ya yi tashe a nan cikin 2013, daga baya aka sayar da shi, tauraruwarsa ta dushe har ya yi tunanin barin wasa a 2016. Don a ba shi wuri sai da aka sallami Chase Daniel, wanda aka ɗauka shekara guda kafin nan a kan dala miliyan 21 na shekara 3. Masu guna-guni suka ce an biya kuɗin benci sau biyu. Amma babu wanda ya ce an kawo Foles don ya ture Wentz, shi kansa ya san safaya aka ɗauke shi.

Ran 10 ga Disamba 2017, Wentz yana tsakiyar kakar da ake ganin za a ba shi gwarzon shekara, ya riga ya jefa ƙwallon ci 32, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Rams. Jama'a da yawa suka fid da rai. Foles ya karɓi ragama, koci Doug Pederson ya gyara tsarin wasan ya dace da irin hannunsa, suka ci Falcons 15 da 10, suka ci Vikings 38 da 7. Ran 4 ga Fabrairu 2018 suka kara da Patriots na Tom Brady a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, suka ci 41 da 33. Foles ya jefa ƙwallon ci 3, shi kansa ya cafe ɗaya, aka ba shi gwarzon wasan. Rabon garin da zama zakaran ƙasa tun 1960.

Wannan nasara ta zo da ƙaya a jikinta. Cikin Satumba na 2018 aka kafa mutum-mutumin Foles da Pederson a bakin filin wasan kulob ɗin, watau Wentz ya komo aiki gidan da aka girke hoton mataimakinsa a ƙofa. A Disamban wannan shekara ƙashin bayan Wentz ya tsage, Foles ya sake shiga ya kai su wasannin kifa-ɗaya-ƙwala, har ya ci ɗaya. Gari ya rabu biyu. Shugabanni suka raba gardama da kuɗi: Foles ya tafi Jaguars a Maris na 2019 a kan dala miliyan 88, a watan Yuni kuma aka ƙara wa Wentz shekara 4 a kan dala miliyan 128.

Cinikin 2020

Wata 10 bayan wannan yarjejeniya, ran 24 ga Afrilu 2020, Eagles suka yi amfani da zaɓinsu na zagaye na biyu, na 53 a ƙasar, suka ɗauki wani madugu ɗan shekara 21 mai suna Jalen Hurts. Mutanen Filadelfiya ba su iya ɓoye fushi ba, su ne suka yi wa Donovan McNabb ihu ranar da aka zaɓe shi a 1999, kuma wannan karon ma ba su yi shiru ba.

Masu adawa sun kawo hujja biyu, kuma duka biyun masu nauyi ne. Ta farko ita ce kulob ɗin yana fama da ƙarancin masu cafe ƙwallo da masu tsaron baya, ga shi an ɗauki zaɓi mai tsada an ba mutumin da in komai ya tafi daidai ba zai taɓa shiga fili ba. Ta biyu ita ce halin da za a jefa Wentz. Mutumin da bai gama fita daga inuwar Foles ba, an sake kawo masa wani, kuma wannan karon yaro ne mai jini a jika wanda ya yi suna tun yana jami'a. Duk ranar da Wentz ya yi kuskure, 'yan kallo sun san sunan da za su kira. A ganin waɗannan mutane kishiya aka yi masa, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Masu goyon baya kuwa suka tuna wa jama'a abin da ya faru ran 5 ga Janairu na wannan shekarar. A wasan kifa-ɗaya-ƙwala da Seahawks, Wentz ya bugu a ka tun rubu'in farko, wanda ya maye gurbinsa kuwa Josh McCown ne, ɗan shekara 40 da aka kira daga ritaya, kuma da yagaggiyar tsokar cinya ya ƙarasa wasan. Aka ci su 17 da 9. Kaka 3 ke nan a jere Wentz bai gama da ƙafafunsa a fili ba. Wane mai hankali ne, in ji su, zai sake dogara ga sa'a?

Babban manajan kulob ɗin, Howie Roseman, ya gaya wa 'yan jarida cewa burinsu su zama masana'antar ƙera madugai, maganar da aka daɗe ana yi masa ba'a a kanta. Shi da Pederson sun kuma nanata cewa Wentz ne madugunsu babu tababa. To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Kulob ɗin da safaya kurum yake nema yana iya samun tsohon hannu a kasuwa da kuɗi kaɗan, kamar yadda suka sami Foles. Ba ya taɓa zaɓin zagaye na biyu. Wanda ya ba da irin wannan farashi yana da shakka a zuciyarsa game da mutumin da ke kan kujera, shakkar da ba zai iya furtawa ba, tun da yake bai daɗe da sa hannu a takardar dala miliyan 128 ba.

Lissafin Kuɗi

Akwai kuma dalilin da ba a cika jin sa a wurin aski ba, shi ne dokar iyakar albashi. Tun 1994 NFL ta ƙayyade jimlar abin da kowane kulob zai kashe a kan 'yan wasansa a shekara, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. A 2020 iyakar dala miliyan 198.2 ce, kuma 'yan wasa 53 ne za su ci daga cikinta. Sabuwar yarjejeniyar Wentz ta kama dala miliyan 32 a shekara in aka raba daidai. Ita kuwa ta Hurts, da yake albashin sababbin shiga a ƙayyade yake, kimanin dala miliyan 6 ce ta shekara 4 gaba ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, yaron da aka zaɓa ya fi tsohon hannu araha a matsayin mataimaki, in kuma ya zama gwani, kulob ya sami 'yan shekarun da madugunsa ke cin ɗan abu kaɗan, a kwashe rarar a sayo masa mataimaka. Haka kuwa aka yi. A 2022, lokacin da Hurts ke kan ƙaramin albashinsa, Eagles suka sayo mai cafe ƙwallo A.J. Brown suka ba shi dala miliyan 100 na shekara 4, suka ci wasa 14 cikin 17. In ma yaron bai sami shiga ba, ana iya sayar da shi ga wani kulob mai bukata. Ta fuskar ciniki, kasada ce mai ƙaramar hasara da babbar riba.

Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne zuciyar mutum, kuma a nan masu adawa suka fi shugabanni gani.

Abin Da Ya Biyo Baya

Kakar 2020 ta zame wa Wentz baƙar shekara. Cikin wasa 12, abokan karawa sun cafke jifansa sau 15, an kuma kā da shi da ƙwallo a hannu sau 50, babu wanda ya fi shi a duka biyun. Masu kare shi sun ce ƙartin da ke tare masa gaba sun yi ta jin rauni ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya ne. Waɗansu kuma suka ce mutum ne da ke wasa yana waiwaye. Ran 6 ga Disamba, a wasa da Packers, aka zaunar da shi aka sa Hurts. Mako guda bayan haka Hurts ya fara wasa ya ci Saints 24 da 21. Kulob ɗin ya gama da cin wasa 4, faɗuwa 11, kunnen doki 1. A Janairu na 2021 aka sallami Pederson, kocin da mutum-mutuminsa ke bakin ƙofa. Aka sayar da Wentz ga Colts, kuma saboda kuɗin da aka riga aka ba shi, dala miliyan 33.8 suka hau kan lissafin albashin Eagles na shekarar a kan mutumin da ke wasa a wani gari. A lokacin ba a taɓa yin hasara irin wannan mai yawa haka ba.

Duk wanda ya yanke hukunci a farkon 2021 zai ce masu adawa sun yi gaskiya, domin gida ya watse kamar yadda suka faɗa. Amma Hurts ba baƙon benci ba ne. A jami'ar Alabama an taɓa zaunar da shi a tsakiyar wasan ƙarshe na ƙasa, cikin Janairu na 2018, bayan ya ci wasa 25 cikin 27 da ya fara kafin nan. Bai yi yaji ba, ya zauna shekara guda yana mataimaki, har ranar da wanda ya ture shi ya ji rauni ya shiga ya ceci wasan. Irin wannan haƙuri ne ya kai shi ga wasan ƙarshe a Fabrairu na 2023, inda Chiefs suka ci su 38 da 35. A Afrilu aka ba shi dala miliyan 255 na shekara 5. Ran 9 ga Fabrairu 2025 suka sake haɗuwa da Chiefs, Eagles suka rama da 40 da 22, aka ba Hurts gwarzon wasan.

Saboda haka ɓangarorin biyu kowa ya ga rabin gaskiya. Cinikin ya kawo kofi, ya kuma ci madugu da koci da kaka guda da dala miliyan 33.8 kafin ya kawo shi.

Garuruwa Biyu, Ciniki Ɗaya

Ba kowane mai kujera ne ke rushewa in an kawo masa magaji ba. Kwana guda kafin a zaɓi Hurts, kulob ɗin Packers ya hau layi ya ɗauki Jordan Love a zaɓi na 26, alhali suna da Aaron Rodgers mai shekara 36. Rodgers bai ɓoye cewa abin bai yi masa daɗi ba, amma amsar da ya bayar ita ce ya zama gwarzon shekara a 2020 da 2021. Love ya zauna shekara 3 yana koyo, daidai yadda Rodgers ya zauna wa Brett Favre bayan an zaɓe shi a 2005. Duk da haka ƙarshen labarin bai canja ba, domin a 2023 aka sayar da Rodgers, Love ya hau.

A Atlanta abin ya fi haka tsami. Cikin Maris na 2024 kulob ɗin Falcons ya ɗauki Kirk Cousins a kan dala miliyan 180 na shekara 4, kana a Afrilu ya ɗauki Michael Penix a zaɓi na 8 a ƙasar duka, ba a kuwa sanar da Cousins ba sai dab da za a kira sunan yaron. An ce Penix zai zauna ya koya na wani lokaci mai tsawo. Ba a kai ƙarshen Disamba ba aka zaunar da Cousins aka sa shi, kulob ɗin ya gama da cin wasa 8 da faɗuwa 9, mutumin dala miliyan 180 ya zama ɗan benci. Daga baya Cousins ya nuna cewa da ya san da wannan shiri tun farko, da ya sake tunani kafin ya sa hannu.

A garuruwan nan uku shugabanni sun faɗi magana iri ɗaya ranar ciniki, cewa mai kujera yana nan daram. A duka ukun kuma yaron ne ya gaji kujerar: wata 8 a Filadelfiya, wata 8 a Atlanta, shekara 3 a wurin Packers.

Yadda Ake Gane Wa Aka Saya

Daga waɗannan labarai mai goyon baya yana iya gane abin da kulob ɗinsa ya saya tun ranar ciniki, ba sai ya jira jawabin manaja ba. In wanda aka kawo tsohon hannu ne da ya zaga kulob-kulob, aka ba shi shekara 1 ko 2 da matsakaicin kuɗi, to, safaya ne, kuma yin faɗa a kansa ɓata baki ne. Aikinsa ma ya wuce jiran rauni, domin shi ke taya madugu nazarin fina-finan abokan karawa, shi ke kwaikwayon madugun da za a kara da shi a wajen atisaye, shi ne kuma ido na biyu a gefen fili. Tun da yake da zarar kaka ta fara madugu na ɗaya ne ke cinye kusan dukan atisaye, ana bukatar wanda zai iya shiga ba tare da ya ɗumama hannu ba, kuma wannan sai wanda ya daɗe a sana'ar.

In kuwa yaro ne aka ɗauka da zaɓin zagayen farko ko na biyu, to, magaji ne, ko me aka ce. A nan gardamar magoya baya tana da tushe, sai dai tambayar da ta dace ita ce ko mai kujera zai iya ɗaukar zama da magajinsa, da kuma ko shugabanni sun shirya biyan abin da zai biyo baya in ya kasa. Mai kuɗin da ya sayi safaya hasararsa kuɗi ce kawai, wanda ya kawo magaji kuwa ya buɗe ƙofar da ba ya iya rufewa.

Shi dai Wentz, bayan Colts ya bi ta Washinton da Rams, har a 2024 ya karɓi aikin mataimakin Patrick Mahomes a kulob ɗin Chiefs. Watau daren 9 ga Fabrairu 2025, sa'ad da Hurts ke ɗaga kofi, mutumin da aka kawo shi ya taimaka wa yana ɗaya gefen filin a matsayin madugu na biyu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A daren nan kuma Kenny Pickett ne ya riƙe wa Eagles 'yan mintocin ƙarshe, shi ne mataimakin da ya fara wasan da suka ci Cowboys 41 da 7 a Disamba lokacin da Hurts ke jinyar buguwar kai. Wata guda bayan bikin kofin aka sayar da Pickett ga kulob ɗin Browns, mutanen Filadelfiya kuma suka koma gidajen rediyo suna tambayar wanda zai zauna a bencin.